Amsa ga ɗana na Kano: yadda muke kokawar hannu a Garwa

Ɗana, ina gaishe ka, ka gaishe min da mahaifiyarka da ƙannenka. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ga bidiyon samarin unguwarmu sun yi wa tebur zobe, mutum biyu sun haɗa hannu kowa na cije baki, shi ne kake tambaya ko mu Hausawan Kamaru mun yar da dambe da kokawa ne muka rungumi wannan. Ka kuma ce in faɗa maka ƙarfen da za ka fara ɗagawa.

Ba mu yar da komai ba. Fatauci ne ya kawo kakanmu Garwa, a unguwar Hausare aka yanke min cibi, kuma da kayan da ya zo da su muke rayuwa har yau, daga tuwo zuwa gaisuwa. Sai dai dambe yana son dandali da makaɗa da 'yan kallo masu jin kirari, mu kuwa a nan Fillanci ne harshen kasuwa, Faransanci na makaranta da ofis, Hausa ta gida da ta ciniki tsakaninmu. Kokawa akwai ta, amma ƙabilun Masa da Tupuri na wajen garin Yaguwa su ne suka gaje ta, in ka ga sun sauka fili sai ka ja da baya ka sha kallo. Kokawar hannu ita ce kowa ya taso da ita a kan bencin aji, Bafulatani da Bahaushe da Babarbare da ɗan kudu, ba ta neman tafinta. Bra-da-fer muke ce mata, da Faransanci ke nan, wato hannun ƙarfe.

Kafin maganar ƙarfe, ga abin da ake fara koya wa baƙo a teburinmu: idonka a kan hannunka. Duk inda hannu ya nufa, kafaɗa da ƙirji su bi shi. Na san za ka ce wannan ai ƙaramar magana ce. Shekarun baya a gaban idona wani yaro, majiyin ƙarfi, mai dakon buhuna, ya haɗa hannu da abokinsa a bencin mai shayi. Da ya ji an fara rinjayarsa sai ya kau da fuska, ya juya kafaɗarsa gefe ya bar hannun a baya, ya sa nauyin jikinsa duka. Ƙarar da muka ji kamar an taka busasshen kara. Ƙashin damtse ne ya murɗe ya karye, karaya mai nannaɗe irin yadda ake matse wanki. Da yake akwai wata jijiya da ta zagaya ta bayan ƙashin nan, wadda ke ɗaga wuyan hannu da yatsu, ita ma ta taɓu, ya yi watanni hannunsa na lilo ko kofin shayi ba ya iya riƙewa da kyau. A asibiti aka yi masa aiki. Ina gaya maka wannan ne don ka sani, irin wannan karayar hoto take so da likitan ƙashi, kada a tsaya jan ta a zaure. Tun ranar muka sa doka, ba a kokawa sai da babba a kan tebur, kuma da ya ga mutum ya kau da kafaɗa zai dafa hannun biyu ya tsai da wasa, ko da saura ƙiris a kayar.

Teburin kafinta ne ya haɗa mana. A tsaye ake yi. Akwai matashin da ake ɗora gwiwar hannu, akwai wanda ake kai hannun abokin karawa a kansa, sai turken da ɗaya hannun ke riƙewa. Gwiwar hannu ta ɗaga ko ta zame daga matashi, laifi ne, laifi biyu an ci ka. In hannuwa suka suɓuce, a ɗaure su da maɗauri a sake. Haka dokar take a gasannin duniya, inda ake raba mutane bisa nauyinsu, hannun dama daban na hagu daban. A watan Maris na 2024 har cikin wasannin Afirka da aka yi a Akara ta Gana an saka ta.

Wanda bai sani ba yana ɗauka tura hannu gefe ake yi. Jawowa ake yi. Kana jan hannunsa zuwa gare ka, kana raba shi da jikinsa, don hannun da ya yi nisa da ƙirjin mai shi maraya ne. Salon da samarinmu suka fi so shi ne ƙugiya: ka lanƙwasa wuyan hannunka ciki, tafinka na kallonka, wuyan hannu ya haɗu da wuyan hannu, damtse da baya su yi aiki. Masu gajeren hannu mai kauri nan suke cin kasuwarsu. Ni da nake dogo siriri, hawan yatsu ya fi karɓa ta. Kana ɗaga ƙullin yatsunka sama, ka ja baya, ka murɗa tafinka ya kalli ƙasa, kana hawa zuwa ƙarshen yatsunsa har wuyan hannunsa ya buɗe. Da ya buɗe, ko ƙato ne ya zama naka, domin damtsensa ba shi da ta inda zai kawo ɗauki. John Brzenk na Amurka, wanda da yawa ke ganin ba a yi kamarsa ba, ya sha kayar da waɗanda suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba, kuma da tafin hannu da wuyan hannu yake gamawa da su. Akwai na uku, danniya, a shigo da kafaɗa bayan hannu a danna ƙasa. Ba ma koya wa sabon shiga ita, tana cin gwiwar hannu.

Yanzu ƙarfen da ka tambaya. Yawancinmu ba mu da kuɗin gidan motsa jiki, kuma ba mu rasa komai ba. Jarka mai cin lita 20 ita ce malamarmu, saboda kana iya farawa da lita 5 ka riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan. Ka zura ɗamara ko tsohon rawani a hannunta, ka ɗora ɗamarar a kan babban yatsa, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, ka riƙa murɗa tafi ƙasa a hankali. Ka mai da ita kan ƙullin manuniya ka riƙa ɗaga wuyan hannu sama. Ka naɗa tawul a mariƙin ya yi kauri, ka riƙa lanƙwasa wuyan hannu ciki. Robar cikin tayar babur a ɗaure a ginshiƙi tana koya maka jan baya. Ka samu reshe ko ƙarfen rumfa ka riƙa jan jikinka sama, ka tsaya a rabi gwiwar hannu a lanƙwashe, ka ƙirga goma. Bokitin yashi kuma na yatsu ne, mu daga bakin Binuwai muke ɗebo namu.

Inda samari ke faɗawa rami shi ne gaggawa. Tsoka tana ƙaruwa cikin makonni, amma jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi sai an yi watanni, don jini bai cika kai musu ba. Sai yaro ya ga damtse ya tashi ya ɗauka ya isa, alhali gwiwar hannunsa ba ta shirya ba. Shi ya sa muke hawa tebur sau ɗaya tak a mako, sabon shiga kuwa yakan yi wata biyu ko uku yana riƙe hannun manya da rabin ƙarfi, ba ci ba kayarwa. Tsamin jiki ba komai ba ne. Zafi mai suka a cikin gwiwar hannu kuwa, ka ajiye wasa har ya wuce.

Zafin Garwa a Maris da Afrilu yana haura digiri 40, saboda haka bayan isha'i muke haɗuwa, da azumi kuma bayan asham. Abinci na gida ne, wake da gyaɗa da nono da kifin Binuwai, sai barci isasshe. Allura ko ƙwayar kumbura jiki ba ta shiga wurinmu. Caca ma haka, ko sefa 100 aka ajiye a tebur an tashi wasan ranar, domin mun lura kuɗi ne ke sa yaro ya ƙi sakin hannu a lokacin da ya kamata ya saki.

Ka nemi abokai biyu ko uku masu hankali, kada ka fara da wanda ke neman suna a kanka. Zan sa a auna teburinmu a turo maka hotonsa ka kai wa kafinta. In Allah ya kai mu babbar salla ka biyo ta Yola ka zo, zan riƙe hannunka da kaina in ji inda wuyan hannun yake buɗewa.

Baffanka na Garwa.