Dogo ko gajere: wane ɗan wasa zan saya a gem ɗin ƙwallo?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina buga EA Sports FC a PS5 ɗin yayana, kuma kuɗin cikin wasa da na tara ba za su saya mini fiye da ɗan gaba ɗaya ba a Ultimate Team, sashen da ake haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa. Abokina ya ce in sayi dogo mai jiki, wai tsawo ne ke cin ƙwallo. Ni kuwa ina ganin bai kamata a ce na'ura ta fifita wani saboda tsayinsa ko nauyinsa ba, lambobin da ke jikin kati su kaɗai ya kamata su yi aiki. Wa ke da gaskiya, kuma wa zan saya? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ƙanena, a batun farko abokinka ya fi ka kusa da gaskiya, amma kada ka biye masa a batun saye.

Gem ɗin da ke cewa yana kwaikwayon ƙwallon gaske ba shi da hurumin mantawa da jiki. Paul Onuachu na Najeriya mita 2.01 ne, N'Golo Kanté kuwa 1.68. In aka ɗaga ƙwallo sama tsakaninsu, Kanté ya riƙa cinye ta da kai don kawai lambar katinsa ta fi girma, kai da kanka za ka ajiye abin bugu ka ce an yi maka coge. Saboda haka ya kamata tsawo ya yi tasiri, kuma yana yi. Dogo yana riga kowa kaiwa ƙwallon sama, ƙafarsa tana zuwa inda ta gajere ba ta zuwa, in ya juya wa ɗan baya ƙeya da wuya a ture shi.

Abin da abokinka ya manta shi ne tsawo yana da haraji. Dogon jiki ba ya juyawa da wuri, ba ya tsayawa cak ya sauya hanya. Maradona mita 1.65 ne, Messi 1.70, kuma gajartar tana cikin abin da ya sa suke yanka mutum uku a ɗan wurin da bai fi tabarma ba. Ko a sama ma ba tsayi kaɗai ake dubawa ba. Cristiano Ronaldo mita 1.87 ne, amma ƙwallon da ya ci Sampdoria da kai a Disamban 2019 ya same ta ne a tsayin mita 2.56, saboda tsalle da sanin lokacin tashi. Fabio Cannavaro, ɗan baya mai mita 1.76, shi ya lashe Ballon d'Or a 2006. Ƙaramin goro dai ya fi babban dutse.

Kamfanin EA ya shigar da wannan lissafi a fili tun FIFA 23, wanda ya fito a 2022 kafin a sauya wa gem ɗin suna zuwa EA Sports FC, da tsarin da ya kira AcceleRATE. An raba 'yan wasa gida uku wajen gudu: masu fizga tun daga takun farko, matsakaita, da waɗanda ke farawa a hankali amma in suka miƙe hanya ba a kamo su. Tsayi da ƙarfi da saurin juyawa ne ke tantance gidan da kowa zai faɗa. A watannin farko na wasan 'yan gida na uku suka addabi kowa, Erling Haaland a gaba-gaba: mutum mai kusan mita 1.95 yana wuce ƙananan 'yan baya a guje. Daga FC 24 kuma aka ƙara PlayStyles, baiwa ta musamman da ake ba ɗan wasa, har da ta bugun kai da ta tureniya, aka kuma shigo da mata cikin Ultimate Team suna wasa tare da maza. Shigowarsu ta ƙara bayyana lamarin, don da yawansu gajeru ne masu saurin juyi, ana shan wuyarsu a ƙasa, ana cin galabarsu a sama.

Nauyi kuwa, kada ka ba shi muhimmanci sosai. Abin da za ka ji a hannunka shi ne lambar ƙarfi da ta daidaiton jiki. Adebayo Akinfenwa ya yi shekaru ana kiransa mafi ƙarfi a FIFA, amma ba shi manyan 'yan gem ke sa wa a gaba ba in ana maganar cin gasa.

To wa za ka saya? Tuna wasanninka na baya-bayan nan, ka ga ta inda ƙwallayenka ke shiga. In kai mai bin gefe ne kana ɗago ƙwallo, kana jin daɗin bugun kusurwa, sayi dogo, amma ka tabbata tsallensa da bugun kansa suna da kyau. In kuwa gajerun bugu kake yi kana kutsawa cikin da'ira, dogo zai zame maka kaya. Wanda bai san salonsa ba tukuna ya nemi tsaka-tsaki, mai ƙirar Victor Osimhen, wajen mita 1.85, ga gudu ga tsalle.

Akwai kuma abin da masu ba da shawara daga Turai ba sa kawowa, wato intanet. In layinka yana jan ƙafa, umarninka yana isa a makare, ɗan wasa mai nauyin juyawa zai ƙara maka wata makarar a kai. A irin wannan hali ni mai saurin amsawa zan ɗauka. Ka kuma sani duk katin da ka sayar a kasuwar wasan, EA na cire kashi 5 cikin 100, don haka saye da sayarwa barkatai yana cinye jarinka. Masu tallan kuɗin wasa a Facebook da WhatsApp kuwa ka ƙaurace musu, dokar EA ta hana, kuma ana rufe asusu a kan haka.

Tambaya: Malam, mai tsaron gida fa? Na ga wani gajere mai lamba babba, da wani dogo da bai kai shi lamba ba, farashinsu kusan ɗaya. Daga wani mai karatu a Damagaram.

Amsa: Ɗauki dogon, ɗan'uwa, in dai tazarar lambar ba ta yi yawa ba. Raga faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44, kuma gola ba yanka ya zo yi ba. Nan ne wurin da tsawo ke ba da riba kusan ba haraji. Ba banza Thibaut Courtois, mai kusan mita 2, yake ba 'yan gaba haushi a fili da cikin gem ba.

Tambaya: Ina da gidan gem, PS4 nake amfani da su. Yara sun dame ni wai a PS5 ne ake jin bambancin jikin 'yan wasa. In sayar da nawa in sauya? Daga Kano.

Amsa: Alhaji, yaran ba ƙarya suka yi ba. Lokacin da AcceleRATE ya fito a FIFA 23, sababbin na'urori irin su PS5 da kwamfuta ne suka samu, PS4 bai samu ba, kuma har yanzu motsin jiki ya fi kama da na gaske a PS5. Sai dai ban ga dalilin sayar da abin da ke kawo kuɗi kullum ba, tunda EA bai daina fitar da wasan a PS4 ba har zuwa FC 26. Ƙaro PS5 guda ɗaya, ka sa masa farashi dabam, ka ga ko za a riƙa layi a kansa. Ragowar kuɗin su tafi ga abin bugu masu lafiya da batir ko sola. Yaron da aka ɗauke masa wuta ana minti na 80 yana kan ci ba zai tuna da tsayin Haaland ba, wajen maƙwabcinka zai koma.

Tambaya: Ni Football Manager nake bugawa, gem ɗin da mutum ke zama kocin ƙungiya. In zan sayi ɗan baya, in duba tsayi da nauyi ko in bar su? Daga wata mai karatu a Kaduna.

Amsa: 'Yar'uwa, a wannan wasan akwai lamba ta musamman, daga 1 zuwa 20, da ke nuna iya inda kan ɗan wasa ke kaiwa in ya yi tsalle. Ita za ki duba kafin santimita, sai ƙarfi, jarumta da iya tsayawa a gurbi. Nauyi kuwa masu ƙera wasan, Sports Interactive, sun sanar a 2024 cewa za su daina nuna shi, bayan sun fara tattara bayanan ƙwallon mata suka ga yana yawan sauyawa. In kin samu gajeren ɗan baya mai basira da araha, irin Lisandro Martínez mai mita 1.75, ki saye shi, ki haɗa shi da dogo a gefensa saboda bugun kusurwa.