Amsa ga yarona kan jakar ƙarƙashin kujerar jirgi

Ka tambaye ni yadda ake yanka ƙaramar jakar da matafiyi ke turawa ƙarƙashin kujera a jiragen nan masu arhar tikiti, da irin kwaɗon da za ka ba mai ita shawarar ya saya, saboda wani ɗalibi mai komawa karatu Turai ya kawo maka aiki. Zan amsa maka, amma ba zan tsaya koya maka riƙon almakashi ko zanen alli a kan yadi ba, domin wanda ya daɗe a shagona kamar yadda ka daɗe bai iya wannan ba, gara ya nemi wata sana'a tun da sauran ƙuruciyarsa.

Kamfanonin nan suna sayar da tikiti da arha ne, su fanshe a kan kaya. Abin da suka bar wa fasinja kyauta shi ne jaka ɗaya ƙarama, kuma kowane kamfani da nasa awon. Wizz Air na karɓar santimita 40 a tsayi, 30 a faɗi, 20 a kauri. Na easyJet ya fi yalwa, 45 da 36 da 20. Ryanair ya daɗe a kan 40 da 25 da 20, sai a 2025 ya ƙara faɗin zuwa 30. Tun da awo yana canzawa, kada ka sa almakashi sai ɗalibin ya nuna maka abin da ke rubuce a tikitinsa. A ƙofar shiga jirgi akwai akwatin awo, ana cusa jakar a ciki da kayanta, kuma a Ryanair da easyJet taya da hannu da aljihun waje duk suna cikin lissafi. Idan ta ƙi shiga, mai ita zai biya tarar da wani lokaci ta fi kuɗin tikitinsa.

Wannan akwatin ne ya raba ni da keken ɗinkina mafi kyau, kuma har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Wani mutum ne, mai nema wa yara gurbin karatu a ƙasashen waje, ya zo mini da babbar riga da ƙamshin turare, ya ce yana son jakunkuna masu yawa ga ɗaliban da zai tura, a kan tsohon awon Ryanair. Na ɗinka masa guda ɗaya ta gwaji, ya juya ta, ya yaba, ya ba da kafin alƙalami wanda ko kuɗin zif bai kai ba, ya ce ciko sai an gama. Ganin girmansa da shekarunsa ya sa na karɓo yadi da soso da zif bashi a hannun wani dila da muka daɗe muna hulɗa.

Ana tsakiyar aiki aka yi mana rasuwa a ƙauye, na tafi zaman makoki. A bayana ya zo shago, ya sami yaran da ke wurina a lokacin, ya ce su ƙara babban aljihu a gaban kowace jaka, su dasa mata ƙafafun roba a gindi domin ta yi kama da ta kanti, ya kuma ce mun riga mun yi magana da ni. Babu wanda ya kira ni a cikinsu, alhali kowanne da waya a hannunsa yana latsawa dare da rana. Kafin in dawo ya kwashe kaya.

Bayan ɗaliban sun tafi, sai ga shi da rana tsaka yana ɗaga murya a bakin shagona, wai an ci ɗalibansa tara a filin jirgi saboda ban iya awo ba. Ya jefa mini jaka ɗaya a kan tebur, duk ta yi datti. Na ɗauko tef a gaban jama'a na auna kaurin jikinta, ya ba da santimita 20 cif, na haɗa da aljihun da ya sa aka ƙara, ya haura 24, ƙafafun robar kuma sun ƙara wa tsayin kusan santimita biyu. Na ce masa wa ya ba da umarnin wannan? Ya dube ni ido cikin ido ya rantse bai taɓa cewa a ƙara komai ba. Muka je gaban shugabannin kasuwa, suka tambayi takarda, babu takarda, maganar yara kuwa ba ta tsaya gaban rantsuwar dattijo ba. Aka ce a yi haƙuri. Shi ya tafi da cikona, ni na sayar da keken da nake ɗinka fata mai kauri da shi na biya dila, domin ban yarda sunana ya ɓaci a wurin mai ba ni kaya ba. Daga baya uban ɗaya daga cikin ɗaliban ya gaya mini kuɗin da ya biya na jakar, ya ninka farashina har da ɗoriya. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Saboda haka ka rubuta awo a rasit, mai aiki ya sa hannu, kuma duk canjin da zai zo daga baya ya shiga takardar nan. Ka yanka jakar ta gaza awon da santimita ɗaya a kowane ɓangare, domin yadi yana kumbura idan an cusa kaya, kuma ba a taɓa yin matafiyin da bai cusa ba. Idan ka gama, ka cika ta da tsummoki har ta ƙoshi sannan ka auna, awon jaka wofi ba ya gaya maka komai. Kada ka sa taya, yana cin wuri yana ƙara nauyi. Kada ka sa kwali mai tauri a bango, soso siriri ya isa, jaka mai laushi tana lanƙwasa ta shige akwatin awo inda mai tauri za ta cije. Ka ɗinka maɗauri biyu a gefe waɗanda za a ja a matse ta. Ku yaran yanzu kuna ganin hoto a TikTok ku kwaikwaya da ido, aljihu bisa aljihu, ba ku tambayar inda jakar za ta shiga.

Batun kwaɗo kuwa, ka fara da zif. Zif ɗin roba na yayi, bakin biro kawai ɓarawo zai danna tsakanin haƙoransa ya buɗe, ya ɗauki abin da yake so, ya ja kan zif ɗin ya bi ta wurin ya rufe, kwaɗo na rataye ba a taɓa shi ba. Ka nemi zif ɗin kamfanin YKK na asali mai kai biyu masu huda, kuma ka sani jabunsa ya cika kasuwa, sai ka ja shi sau da yawa ka ji ko yana sarƙewa. Ka dasa ƙaramin zoben ƙarfe a jikin jakar inda zif ya ƙare, yadda kwaɗon zai haɗa kawunan biyu da zoben, su kasa yawo. Da haka ko an farka zif ba za a iya mayar da shi a ɓoye ɓarnar ba. Ƙaramin kwaɗo mai lambobi ya wadatar, don makulli ɓacewa yake yi a tafiya.

Aljihun fasfo da kuɗi ka sa shi a bangon da ke manne da bayan mai goya jakar, bakinsa ta ciki. Ɓangaren da babu zif shi zai kalli gaba idan an tura ta ƙarƙashin kujera, bakin jakar kuma ya kalli ƙafafun mai ita, saboda haka ka sa ɗan hannu a saman da zai jawo ta da shi. Ka ware wani aljihu daga sama na fawa bank da caja, domin dokar jirage ta hana batirin nan shiga ɗakin kaya na ƙasa, kuma idan aka karɓe jakar a ƙofa domin a kai ta can dole ya zaro shi nan take. Inda maɗaurin kafaɗa ya haɗu da jiki ka maimaita ɗinki da zaren nailan, ka sa ƙyalle ta ciki ya riƙe shi. Ka kawo mini ta gwajin cike da tsummoki in auna da kaina kafin ka kira ɗalibin.