Kumburin da allurar rigakafi mai kama da madara ke bari a jikin kaji

Malam, ka ce ka yi wa kajinka masu ƙwai allurar rigakafin cutar Newcastle, farar nan mai kauri, sai wurin ya kumbura, kana tsoron ko maganin ya lalace.

Ba lallai ba ne. An dama matacciyar ƙwayar cutar ne da tataccen man ma'adinai, dangin farafin. Man yana riƙe maganin a inda aka soka, yana sakinsa kaɗan-kaɗan, jiki kuma ya yi ta haɗa kariya. Shi ya sa take daɗewa fiye da rigakafin Lasota da ake ba su a ruwan sha, kuma ake yin ta wajen mako 16 zuwa 18, kafin su fara ƙwai. Ɗan ƙululu ba abin tashin hankali ba ne.

Inda muke yawan kuskure shi ne sokawa da sanyinsa. Ajiye shi a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kada ya daskare, amma ka bari ya saki sanyi, ka girgiza sosai, ka riƙa canza allura. In kumburin ya yi ruwa ko wuyansu ya karkace, kira likitan dabbobi.

Don Allah, in allurar ta soki yatsanka, tafi asibiti nan take da kwalbar a hannu. Man nan yana iya kashe naman yatsa.