Kafin ka nemi biza, ka leƙa Wapa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka gama digirin tattalin arziki a BUK, kana so ka zo Malesiya digiri na biyu kan tsarin kuɗi da bankuna, kana tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Za ta biya, amma sai ka zo da guzurinka.

Abin da ake koyarwa a nan ƙa'idoji ne: yadda babban banki ke ɗaga kuɗin ruwa don dakile tsadar kaya, yadda bankuna ke ƙara yawan kuɗi ta hanyar ba da rance, da abin da ke sa masu ajiya su yi wa banki rubdugu rana guda. Misalan kuwa nasu ne. Za ka ji labarin 1998 har ya gundure ka, lokacin da firaministansu Mahathir ya ƙi rancen asusun ba da lamuni na duniya, IMF, ya taƙaita fitar da jari, ya ɗaure kuɗinsu, ringit, a kan 3.80 kowace dala. Za ka ji Tabung Haji, asusun tanadin maniyyata da ya faro tun 1963. Amma babu mai zaunar da kai ya karanta maka tarihin naira. Ranar da malami ya juyo ya ce "to, a ƙasarku fa?", abin da ka taho da shi daga gida ne zai fitar da kai kunya.

Don haka ka fara da namu. Babban Bankin Najeriya ya soma aiki a 1959, naira ta maye gurbin fam a 1973. A 2004 gwamnan bankin, Soludo, ya ce kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25. Ba a je ko'ina ba, a 2009 magajinsa Sanusi Lamiɗo ya kori shugabannin wasu daga cikinsu, a 2010 aka kafa hukumar AMCON ta saye ruɓaɓɓen bashi. Me ya kayar da bankunan da aka ce sun yi ƙarfi? Kuɗin masu ajiya aka ranta wa masu sayen hannun jari da masu shigo da mai, kasuwa ta faɗi, bashi ya maƙale. In ka iya bayyana wannan da bakinka, ka wuce ɗalibai da dama da na gani a nan.

Sannan ka je Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ka zauna, ba canji za ka yi ba, kallo. Ka ga yadda farashin dala ke sauyawa tsakanin azahar da la'asar da kiran waya ɗaya. Ka ga ɗan Kantin Kwari ya zube naira a Fagge, abokin cinikinsa ya karɓi kuɗi a Guanzu ta ƙasar Sin ko Dubai, ba takarda sai amana. Ka tambayi masu POS abin da suka gani a farkon 2023, da sauya takardun naira ya sa mutane sayen naira da naira. Malamai a nan na son irin wannan bincike, kuma ɗan Kano ya fi kowa kusa da shi.

Maganar aljihu kuma, kada ka yi lissafi da tsohon farashi. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen 460 a hukumance, a 2024 ta haura 1,500. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar aiki sai ɗan abin da ba a rasa ba lokacin hutu, saboda haka kuɗin makaranta da na haya su kasance a hannu, ko ka samo tallafin karatu. Ka kuma wasa lissafinka da ƙididdiga, don nan ne namu suka fi shan wuya.

In harkar kuɗi ta Musulunci kake so, duba jami'ar INCEIF, wadda babban bankinsu ya kafa a 2005. Turo min sakamakonka da shafi biyu kan abin da kake son bincika, in duba maka. Ka gaida Hajiya.