Kafin Ka Goge Ubuntu Daga Laftof ɗin Malam

Yarona, saƙonka ya shigo mun wuce Akwanga, shi ya sa ban amsa ba sai yanzu da na sauka Abuja. Ka ce malamin makarantar nan na Unguwar Rogo da muka sa wa Ubuntu, tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, ranar Talata ya dawo da laftof ɗinsa ransa a ɓace. Wai ya duba ƙasa babu Start, ya nemi Word bai gani ba, ga wani baƙin layi a sama da bai san amfaninsa ba. Kana tambaya ko ka goge ka mayar masa da Windows, ko ka nemo ƙarin nan da ke sa fuskar kwamfutar ta yi kama da Windows.

Ajiye filashin nan tukuna. Kada ka yi ko ɗaya.

Ka manta abin da ya kawo shi? Bayiros ɗin filash ne ya cinye masa sakamakon ɗalibai. Laftof ɗin kuwa Core i5 ce ta ƙarni na huɗu, Windows 11 kuma sai ƙarni na takwas zuwa sama, kuma mai ɗauke da na'urar tsaron nan TPM 2.0. Windows 10 da yake kuka a kanta, Microsoft ta daina aiko mata da gyaran tsaro na kowa da kowa tun 14 ga Oktoban 2025. In ka mayar masa, ramin da muka ciro shi ka sake tura shi. Shi kuma ƙarin da kake magana, na sha wuyarsa. Fuskar da Ubuntu ke amfani da ita sunanta GNOME. Da GNOME 45 ta fito a 2023, tsofaffin ƙarin nan duk sun tsaya cak sai da masu su suka sake rubuta su. Ka jera wa mutum fuska mai kyau yau, ya sabunta kwamfutarsa bayan wata shida ta wargaje, wa zai kira da sassafe? Mu.

Laifin ma namu ne. Ana kiran magariba muka miƙa masa ita, ba wanda ya zauna da shi. Baƙo ai makaho ne ko da idonsa. In ya zo gobe ka jawo masa kujera, ka sa laftof ɗin a gabansa shi, kai ka naɗe hannunka. Kada ka taɓa maus ɗin ko sau ɗaya. Duk abin da hannunka ya yi masa, kafin ya kai Bauchi Road ya manta.

Ka fara da madanni guda, wanda ke tsakanin Ctrl da Alt mai hoton tagar Windows. A nan sunansa Super. Ce masa, "Malam, ga Start ɗinka." Da ya danna, duk tagogin da ke buɗe za su baje a gabansa kamar an shanya kaya, akwatin nema ya fito a sama. Ba sai ya kai maus cikin akwatin ba, rubutu kawai zai fara. Ka sa ya rubuta word. LibreOffice Writer zai fito, don masu manhajar sun san sunan da mutane za su nema ke nan. Ya rubuta excel, Calc ya fito. Sannan ka yi masa wadda na fi so, ya rubuta 45*38, amsa ta bayyana nan take ba tare da ya buɗe kalkuleta ba. Mai haɗa makin jarrabawa in ya ga wannan, rabin fushinsa ya tafi. Allah ya sa dai da kake sa Ubuntu ɗin ka zaɓi cikakken zubi, don bugun 24.04 da muka sa masa in ka bar ta a kan zaɓin farko ba ta zuwa da LibreOffice. In ba ka yi ba, sa masa yau kafin ya iso.

In ya ce shi sai ya ga manhajojin da idonsa, ya danna Super sau biyu a jere, ko Super da A, ko alamar da ke can ƙasan jerin gefen hagu. A tsofaffin bugu ɗigo tara ne, a namu tambarin Ubuntu ne. Rumbun manhajojin ke nan, shafi bayan shafi, daidai yadda suke a wayarsa ta Android. Faɗa masa haka ma, ya fi saurin shiga kai.

Baƙin layin sama kuwa gida uku ne. Na hagu ba shi da dogon bayani. A tsohon bugun 22.04 rubutun Activities ne a wurin, yanzu ya koma ɗan dogon ɗigo da ƙaramin ɗigo kusa da shi, kuma danna shi daidai yake da danna Super. Amma ɗigogin nan suna ƙirga tebur nawa mutum ke aiki a kai, wato sikirin daban-daban kowanne da tagoginsa, kuma a nan ake ɓata. Shekarun baya wata Hajiya mai harkar ɗinki ta zo mini hankali a tashe, wai lissafin kwastomominta ya ɓace tana cikin rubutawa. Ni ma na ɗauki kusan minti ashirin ina tonon folda, har na fara tunanin hadis ɗin ne ya samu matsala. Ashe gogar yatsu ta yi ta zame tebur na biyu, takardarta na nan lafiya lau a na farko. Na ji kunya ranar, ga yara a shago suna kallo. To ka gaya wa Malam: duk ranar da ya ga sikirin wayam, kada ya kashe kwamfuta, ya danna Super sau biyu ya duba ƙananan hotunan teburan da ke sama. Super da Page Up ko Page Down ma suna kai mutum su dawo da shi.

Na tsakiya agogo ne. Danna shi yana sauko da kalanda da saƙonnin da manhajoji suka aiko, har da maɓallin da ke hana su damun mutum. Wannan na Malam ne. Naka kai mai gyara shi ne ka mai da agogon nan abin da idonka zai fara sauka a kai duk lokacin da aka kawo maka kwamfuta. In ka ga kwanan wata ya koma shekarun baya, ƙaramin batirin nan mai kamar kwabo da ke kan madabod ya mutu, kuma tokunbo da yawa da haka suke zuwa. Mai ita zai ce maka intanet ta ƙi, burauza tana ta gargaɗin tsaro, alhali kwanan wata ne bai yi daidai da takardar shaidar shafin ba. Na ga masu gyara sun goge kwamfuta ɗungurungum a kan wannan. In kuwa awa ɗaya cif agogon ya kauce, duba yankin lokaci, namu Lagos ne. Sai kuma kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Ubuntu tare: Ubuntu tana ajiye agogon madabod a kan lokacin duniya, Windows ta karanta shi kamar lokacin gida, mu kuma muna gaba da awa guda, sai ka ga Windows tana latti kullum. Kada ka canja batir a banza saboda wannan.

Gidan dama shi ne wanda zai fi taɓawa: wayifai, ƙarar sauti, hasken sikirin, batir, da wurin kashewa. Duk dannawa ɗaya ce ke buɗe su. Abu biyu nake so ka yi kafin ya tafi. Ka danna Super, ka rubuta power, ka kunna nuna kason batir da lamba. Ɗan hoton batirin nan ba ya gaya wa mutum komai, wanda kuma wuta kan yi kwana biyu ba ta leƙo unguwarsu ba yana bukatar ya san 40 ce ko 15. A gidan daman nan akwai yanayin tsimin wuta, nuna masa. Na biyu, ka bambance masa Suspend da Power Off. Rufe murfi barci ne kawai, tana ci gaba da lasar caji a cikin jaka. In ya tashi daga makaranta sai gobe, ya kashe ta sosai.

Tunda Hausa yake koyarwa, ga abin da zai sa ya yafe mana. Shiga saitin kibod ka ƙara Hausa ta Najeriya. Nan take wasu ƙananan haruffa biyu za su fito a layin sama kusa da wayifai, en ko ha, Super da Space kuma suna juya su. Cikin wannan ɗan menu akwai wurin nuna zanen kibod ɗin, ya buɗe ya ga inda ɓ da ɗ da ƙ suke. Shekara nawa yana rubuta takardar jarrabawa sannan ya bi da biro yana lanƙwasa haruffa? Sai dai ka ja masa kunne: in kalmar sirrinsa ta ƙi shiga, ya fara duba waɗannan haruffa biyun kafin ya hau keke napep zuwa shagonmu a Terminus.

Jerin gefen hagu ka share masa shi tas. Danna dama a kan duk abin da ba ya amfani da shi ka cire, ka bar Firefox da Files da Writer da Calc. Wanda yake so ya ƙara, ya nemo shi a rumbu, danna dama, ya liƙa. Ɗan ɗigon da ke gefen alama yana nufin manhajar a buɗe take. Filash ma in ya soka a jerin nan zai fito, daga nan zai sallame shi kafin ya zare.

Kada ka ɗauka ina ganin baiken Malam. A 2011 da Ubuntu ta zo da wata sabuwar fuska mai suna Unity, wannan jerin gefe ya fara bayyana, sati guda na yi ina tsine masa, har na koma tsohon bugu. A 2017 suka bar Unity suka koma GNOME, na sake yin mita. Yau in na zauna gaban Windows sai in ga yatsana ya danna madannin nan na fara rubutu tun kafin in tuna inda nake.

Kada ka karɓi ko sisi a hannunsa kan wannan zaman. Ka nuna masa yadda zai ajiye takarda a docx, wato tsarin takardar Word, saboda masu firinta, sannan ka sa ya rufe komai ya kashe, ya kunna, ya buɗe Writer da kansa sau uku kana kallo. In ya kai sati biyu har yanzu yana son Windows, ya zo ya same ni. Jibi zan dawo in Allah ya yarda, ka kuma duba min ko saura batirin madabod nawa a durowa, in sayo a nan.