Hukuncin yi wa 'yan mata allurar riga-kafin sankarar bakin mahaifa

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ma'aikatan lafiya za su zo makarantarsu 'yata a Argungu su yi allurar HPV, wato riga-kafin sankarar bakin mahaifa. Shekarunta 11. Ana cewa tana hana haihuwa, kuma buɗe ƙofar zina ce. In bari a yi mata?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka bari a yi mata. Halal ce, ni kuwa ina ganin yin ta ya fi barin ta.

Bukhari ya ruwaito cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Tare cuta tun ba ta zo ba ma yana da asali: Annabi (SAW) ya ce wanda ya ci dabinon ajwa bakwai da safe, guba da sihiri ba za su cutar da shi a ranar ba. Da wannan hadisi Sheikh Ibn Baz ya halatta riga-kafi.

Zancen zina shi ya fi damuna, domin akwai zalunci a cikinsa. Gaskiya ne ƙwayar HPV, mai jawo wannan sankara, ta saduwa ake ɗauka. Amma mace mai kamun kai, wadda ba ta san kowa ba sai mijinta, tana iya ɗauka daga gare shi, shi ma bai san yana ɗauke da ita ba, wataƙila daga wani auren da ya yi a baya ne. Sai ƙwayar ta kwanta shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama sankara. A 2020 kaɗai, mata kusan 8,000 ta kashe a Najeriya. Waɗannan iyayenmu ne da matanmu, wa ya ba mu ikon munana musu zato? Abin da ke tsare yarinya daga alfasha tarbiyya ce da tsoron Allah, allura ba ta ƙara su, ba ta rage su. Ana yin ta ne daga shekara 9 zuwa 14 saboda ta fi aiki kafin a haɗu da ƙwayar.

Batun hana haihuwa kuwa, mu malamai ba fagenmu ba ne, Allah ya ce a tambayi ma'abota sani. Tun 2006 ake wannan allura a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bincika ba ta sami hujjar hakan ba. Najeriya ta fara a Oktoban 2023, Kebbi na cikin jihohin farko. Yawanci ciwon hannu ne ko ɗan zazzaɓi kan biyo baya.

Sai dai kai ne waliyyinta, wajibi ne a nemi izininka, a yi maka bayani. In tana da wata lalura, ka faɗa musu. Allurar ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu, don haka mahaifiyarta ta je asibiti a yi mata gwajin bakin mahaifa.

Wallahu a'alam.