Dakta ina so a yanke min ƙarin kunne kafin bikina, zai warke?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, dan Allah a ɓoye sunana. Ni daga wani ƙauye nake ta wajen Gumel, shekarata 21. Shekara uku kenan da na ƙara huji na biyu a kunnena na hagu, tun daga nan wajen ya fara tsiro, da fari kamar aya yanzu ya kai ɗan goro, ga ƙaiƙayi ga tsikari. An sa bikina nan da wata biyu, Baba yace in ya sayar da riɗi zai kaini Kano a yanke. Zai warke kafin biki? Kuma me zan yi kafin aikin da bayansa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin lafiya.

Daga bayaninki wannan ya yi kama da abinda muke kira kiloyid, amma dai sai likita ya gani da ido ya taɓa kafin a tabbatar. Tabo ne da bai san inda zai tsaya ba, wato jiki ya zo ɗinke hujin sai ya zarce ya yi ta tara nama har ya wuce girman ciwon asali. Ya fi kama mu baƙar fata, ya fi fitowa tsakanin shekara 10 zuwa 30, yana kuma bin dangi, ki duba ƙila akwai wata gwaggo ko inna mai irinsa a ƙirji ko kafaɗa. Ba ciwon daji bane, ba a ɗauka, ba kuma sammu bane, in wata ta fara miki wannan zancen ki wuce kawai.

Toh ga inda nake so ki nutsu. Yankan ba shi da wuya, ƙarin kunne irin wannan allurar kashe wuri kawai ake yi, idonki biyu, yawanci ba ya kai awa ɗaya, ranar ma ki kwana a gida. Matsalar ita ce wuƙar likita ma ai ciwo take yi, kuma jikin da ya yi ƙari saboda tsinin allura me zai hana shi yi saboda yanka? Shi ya sa in aka yanke aka barshi haka fiye da rabi suna dawowa, wani ma ya dawo ya fi na da. Akwai wata yarinya da aka taɓa kawo min, an ɗaure mata nata da zaren kitso a gida har ya bushe ya faɗi, gida ya ɗau murna, shekara bata zagayo ba sai gashi ya fito gaba da baya ya kai ƙwan zabo yana rinjayar kunnen ƙasa, tana zaune tana jan hijabi tana rufewa ko ɗago kai bata iya yi. Dan haka wanzami da mai kemis da masu ɗiga ruwan batir duk ki bar su, dan Allah.

Inda za ki nufa shi ne sashen likitocin tiyatar gyaran jiki, akwai a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano akwai kuma a asibitin ƙashi na Dala. Ki fara zuwa babban asibitin da ke kusa da ku a baki takardar turawa. Kuma kar Baba ya lissafa kuɗin yanka kaɗai, ya tambayi kuɗin allurai na bayan aiki, ya haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa aƙalla sau biyar ko shida, dan a nan ne mutanenmu na karkara suke sarewa, a yi aiki lafiya lau sai kuɗin riɗi ya ƙare a daina zuwa. Ni a ganina in ba za a iya dawowar ba gara ma kar a taɓa shi tukuna.

Kafin aiki za a iya dubawa ko kina da isasshen jini, a gwada suga, a tambayeki ko kina da sikila ko jininki na daɗewa bai tsaya ba in kin yanke. Ki faɗi gaskiya kan duk abinda kike sha ko shafawa. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak suna sa zubar jini, a kan dakatar da su kamar mako ɗaya kafin aiki, in ciwon kai ya dameki farasitamol ya isa. Sai kuma ku amare, nasan yanzu ake ta ɗura muku jiƙe-jiƙe da tsimi da kayan gyara, ki ajiye su mako biyu kafin ranar dan bamu san me aka haɗa a ciki ba. Man bilicin kuwa shi na fi tsoro wallahi, da yawansu akwai sitiroyid a ciki, yana sa fata ta yi siriri ɗinki ya ƙi kamawa ciwo ya ƙi rufewa, in kina shafawa ki daina tun yau kuma ki gaya wa likita, ba zai miki faɗa ba. Ki yi kitsonki kwana biyu kafin nan, shuku ko wani wanda ya ɗage gashi daga kunne. In allurar kashe wuri ce ki karya kumallo abinki, in kuwa aka ce ta barci za a yi toh ba abinci awa 6, ruwa ma a tsaya awa 2 kafin shiga.

Bayan aiki kwana biyun farko kar ruwa ya taɓa wajen, wajen alwala ki shafa a kan bandejin, malamai sun yi bayanin halaccinsa. Ki kwanta ta ɓarin dama, ki sa mayafi sakakke ki huta da hijabi mai roba da zai riƙa goga. Daka da surfe da ɗauko ruwa a bar wa ƙanne na mako guda, ga zufa ga ƙurar hunturu. Kar a barbaɗa garin kafso ko toka ko a shafa man shanu, abinda asibiti suka baki shi kaɗai. Masu cewa kar a ci ƙwai da gyaɗa wai suna sa ciwo ruwa, ba haka bane, ki ci ƙwai da wake da kifi da nono da zogale, da su jiki yake gina sabuwar fata. In kika ga zazzaɓi ko mugunya ko wari ko kumburi na ƙaruwa, ko jini ya ƙi tsayawa bayan kin danne minti 10, kar ki jira ranar da aka baki. Zare a kan cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 14.

Daga nan ne ainihin maganin yake farawa. Akwai allura sunanta tarayamsinolon da ake yi a cikin tabon kansa duk bayan mako 4 zuwa 6, tana da zafi kam ba zan ɓoye miki ba, tana iya sa wajen ya ɗan yi haske, wasu matan kuma al'adarsu ta ɗan rikice na ɗan lokaci. Sannan akwai ɗan kunne na musamman mai matsewa, ba ya buƙatar huji, ana sa shi aƙalla awa 12 a rana har wata 6 zuwa shekara. Ƙarin da ya yi taurin kai yana ta dawowa shi ake haɗa wa da gashi na na'ura, wato a gasa wajen da wani haske mai ƙarfi, cikin kwana uku da yankan, naki dai bana tsammanin zai kai nan.

Batun biki yanzu. Idan aka yi aikin cikin makonni biyu masu zuwa ciwon zai rufe kafin ranar, ɗaurin ɗankwali ya rufe sauran, amma ɗan kunnen lefe ba zai shiga wannan wajen ba kuma kar ki sake huda shi ko a ƙara miki wani huji ko ina. In kuwa riɗin bai shiga kasuwa ba sai saura mako uku, a fara allurar kawai tana rage ƙaiƙayi ta tausasa shi, yankan a barshi bayan an watse. Ko ta yaya dai alluran za su tsallaka har gidan miji, dan haka a sanar da angon tun yanzu, in kina jin nauyi ki tura yayarki ko gwaggo ta masa bayani ya san akwai zirga-zirgar Kano a gabansa. Kuma da zarar kin ga ɓatan wata ki faɗa wa likita kafin allura ta gaba, ba a cika yinta ga mai juna biyu ba, shi ƙarin ma yana iya motsawa lokacin ciki. Ranar da za ki je ganin likitan ki ƙunso duk mayukan da kike shafawa da kwalaben da kike sha a leda ki tafi da su ya gani.